Unguwar da Gidajenta Suka Ci Jarrabawa

Jiya da dare Sahura ta yi wani mafarki, irin wanda in ka ba mutum labarinsa zai fara tambayarka abin da ka ci kafin ka kwanta. Ita dai tuwon da ya huce ta ci, ta kwanta da haushi fal cikinta, kuma in za a yi adalci haushin ya kamata a tuhuma, a ƙyale tuwo.

Sai an san tushen haushin sannan a gane mafarkin. Sahura ɗaliba ce a jami'a, tana neman digirin digirgir a kan lakar gidan ruwa. In an janyo ruwan kogi an zuba masa alif, dattinsa yakan kwanta a ƙasan tankuna kamar yadda yake kwanciya a gindin randa. Ruwan mai kyau ya tafi famfo, lakar kuma a kwashe a mayar da ita kogi. Sahura ta gano cewa in aka kwaɓa lakar nan da jar ƙasa aka gasa, jan bulo take bayarwa mai ƙwari. To amma a ɗakin gwaje-gwaje hanya ɗaya ce ta sanin ƙarfin bulo: a sa shi a inji, a matse shi har ya fashe, a rubuta lambar da ya fashe a kanta. Shekara da shekaru tana gasawa, Farfesa Jatau, malamin da ke duba aikinta, yana cewa a ƙara gwaji ɗaya. Duk bulon da ta gasa ya ci jarrabawa, kuma duk ya zama gari.

A can ƙauyensu kuwa, gangaren gidan ruwan, bangon ɗakin Inna mahaifiyarta ya faɗi tun daminar bara, aka kare wurin da tamfol. Sahura ta yi mata alkawarin sabon ɗaki da bulonta. Gashin ƙarshe yana nan jere a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya isa ɗaki guda, kuma daga shi babu wani sai kaka, domin ɗanyen bulo ba ya bushewa da damina. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Jiya da yamma Farfesa ya ce da safe a shigar da gashin nan inji gaba ɗaya, wani baƙon malami zai zo daga nesa, yana so ya ga lambobi masu yawa.

To a mafarkin sai ta tsinci kanta a kan wata hanya da rana tsaka, ana yayyafi. Yayyafin daga ƙasa yake fitowa yana hawa sama, saboda haka mutanen garin sukan juya lema baki sama, su shiga ciki su tsaya, su dinga tsalle da ita har inda za su. Masu hali a ƙarƙashin gado suke kafa kwanon rufi. Babu wanda abin ya dama, ita ma bai dame ta ba. Ta tattare bakin zaninta ta ci gaba da tafiya.

Ta jima tana tafiya kafin ta lura ana bin ta. Da ta waiwaya sai ta ga Laka ce, lakar gidan ruwan, tuli guda kamar raƙumi a durƙushe, tana jan jiki a hankali tana barin danshi a bayanta. Suka gaisa. Laka ta yi mata ya aiki, ita kuma ta yi wa Laka ya gajiya.

"Gajiya kam akwai ta," in ji Laka. "Tun safe ake tace ni, ko karyawa ban yi ba."

Suna tafe tana ba Sahura labarin kanta. Ta ce ita asalinta ƙasar gona ce, ruwa ne ya kwaso ta daga tudu ba tare da an yi shawara da ita ba, kuma tun daga ranar ba a bar ta ta kwana biyu wuri ɗaya ba. Ba ta neman sarauta, ba ta neman yabo. A ba ta wuri ta bushe, shi ke nan bukatarta.

Sai ga su a gidan ruwa. Agwagi ne ke riƙe da wurin, kowace da hular kwano a ka. Shugabansu, wani tsohon toro mai jar fuska, ya zaga da Sahura yana taƙama. Ya nuna mata inda suke tsame Laka daga ruwa, ya nuna mata inda suke mayar da ita, tsakanin wuraren biyu bai wuce taku ba. Kogin garin kuwa zagaye yake yi, abin da aka zubar da hantsi shi ake tarba da azahar, har ma'aikata sun saba da Laka, suna tambayarta mutan gida. Sahura ta ce masa tun da wahala take ba su, su ba ta ita mana ta yi bulo. Toron ya dube ta kamar ta ce a yi farfesunsa.

"Malama, in muka ba ki dattin, gobe me za mu tace?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ta ga babu gidan ruwa, babu agwagi, tana tsaye a bakin wata unguwa.

Gida ko ɗaya babu a tsaye a unguwar. Tsibi-tsibin ɓaraguzai ne, kowane tsibi da iyali a kansa. An shimfiɗa tabarmi, mata suna tsince shinkafa, maza suna sauraron rediyo, wani tela ma yana ɗinki a saman nasa. Mai unguwa ya yi mata maraba daga kan tsibin da ya fi kowane tudu. Ya ce ta zo unguwar da ta fi kowace ƙarfin gini a faɗin ƙasar, domin babu bulo ɗaya a nan da ba a gwada ba. Nasa gidan bene ne a da, sai da inji ya yi gumi kafin ya iya fasa shi, kuma har gobe in za a aurar da 'ya'yansa sai an ambaci lambar da gidan ya samu. Ta tambaye shi to a ina suke kwana. Ya ce a kan sakamakon, ina kuwa.

A ƙarshen unguwar, daf da juji, ta hango shuɗin tamfol ɗin da ta sani. Inna ce a ƙarƙashinsa, zaune a kan tabarma. Da yake ruwan garin sama yake hawa, tamfol ɗin tare shi yake yi ya dawo mata da shi a ka, saboda haka ita kaɗai ce a unguwar ruwa yake duka sau biyu. Maƙwabta ba sa zuwa mata barka, ba sa zuwa jaje, domin ɗakinta da kansa ya faɗi ba a gwada shi ba, wannan kuwa babban abin kunya ne a garin.

Sahura ta durƙusa ta gaishe ta. Da yake 'yar fari ce, Inna ko a mafarki ba ta kama sunanta, gefe ta kalla ta amsa. Ta ce ita lafiya lau take, ba komai, a gaishe mata da malaman makaranta, ai karatu ba a yi masa gaggawa. Wannan "ba komai" ita ta fi ƙona wa Sahura rai, don a farke ma ita take ji duk ranar da ta buga waya. Sai da ta yunƙura za ta tashi sannan Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana matse bakin mayafinta.

"Ke 'yar nan, ni ba ɗaki mai kyau nake nema ba. Inda zan sauya zani ba sai na leƙa hanya ba, ya ishe ni."

Kunya ta rufe Sahura tun daga kai har ƙafa. Kafin ta miƙe kunyar ta juye ta zama fushi, kuma da fushin nan ta shiga zauren jarrabawa, don zauren ne ya taso ya same ta a inda take.

'Yan kwamiti ƙadangaru ne, manya masu jan kai, sun jeru a kan dogon tebur. Duk abin da aka faɗa sai su gyaɗa kai, wanda ba a faɗa ba ma suna gyaɗa masa. A tsakiyarsu Farfesa Jatau ne, ya zama bunsuru, amma tabarau ɗinsa da gemunsa suna nan yadda ta san su. Yana tauna babi na biyu na kundinta. Ya ce babin ya yi daɗi, sai dai da sauran gishiri, a ƙara gwaji ɗaya. A yi masa adalci, ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ba ya yarda rana ta fito sai an auna masa inuwa, kuma ya fi tsoron dariyar malaman wata jami'a a kan tsoron cikon kogi. Baƙon malamin kuwa shamuwa ce, tana tsaye a gefe da ƙafa ɗaya. Ganinta ya tsorata Sahura, don kowa ya san in shamuwa ta sauka damina tana bayanta.

Aka yi sallama, Inji ya shigo cikin babbar riga. Ya gaida kwamiti, ya zauna, aka kawo masa ruwa ya wanke hannu. Bulukan Sahura suka shigo a layi kamar masu jiran allura a asibiti, kowane yana matsawa a hankali. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ga mai shatin babban yatsanta, ga wanda ya ɗan ƙone a gefe ranar da iska ta juya wuta. Na gaban layi ya tsaya kusa da ita ya ce mata sai wata rana, ya hau bakin Inji. Inji ya matsa, ya ƙara matsawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Bulon ya daure iya daurewa, sannan ya faɗi wata lamba mai girma da ƙarfi, ya fashe. Ƙadangaru suka gyaɗa kai. Aka share garin aka watsa ta taga cikin kogi, kafin a kira na biyu Laka ta leƙo ta ƙofa, ta ɗan ƙara ƙiba, ta ce ga ta nan ta dawo.

Inji ya goge baki ya ce a miƙo na gaba. Tura dai ta kai bango, duk da a garin babu bangon da za ta kai. Sahura ta shiga tsakanin Inji da layin ta tsaya.

"Malam, ya isa haka."

Farfesa ya daina tauna. Ya yi mata bayani cikin natsuwa, yadda ya saba, cewa bulon da ba a fasa ba ba a san ƙarfinsa ba, wanda ba a san ƙarfinsa ba kuwa doka ta hana a yi gini da shi.

"Wanda aka fasa fa, ana gini da shi?"

"Shi ai ya gama aikinsa."

Ƙadangaru suka gyaɗa mata kai, suka gyaɗa masa. Farfesa ya ce ta zame musu ƙadangaren bakin tulu, a kore ta babu wanda ya san kan Laka, a bar ta ta ɓata doka. Sai ya tuna su wa ke zaune a tebur, ya nemi afuwa, suka gyaɗa kai. Daga nan ya nuna mata wani abu da ƙahonsa. Rigar digiri ce rataye a iska ba ƙusa ba igiya, da hularta mai faɗi da tuntu. Ya ce in ta matsa gefe Inji ya gama cin abincinsa, rigar tata ce yau ɗin nan. In ta ƙi, rigar za ta tashi ta nemi wani, a kankare sunanta daga ƙofar ofis.

Kada a yi wa Sahura ƙaryar jarumta, ta ji tsoro ƙwarai. Ta tuna shekarun da ta ƙarar tana wari irin na gindin randa, ta tuna 'yan ƙauyensu da tuni suke kiranta Dakta. Rigar kuwa kyakkyawa ce, har wani ɗan rangaji take yi mata. Da ta juya sai ta ga Inna a tsakiyar zauren, ita da tabarmarta da tamfol ɗinta, tana son ta sauya jiƙaƙƙen zani, tana duba dama da hagu, ƙadangaru sun zuba mata ido suna gyaɗa kai.

Sahura ta miƙa hannu, ta bar rigar, ta fizgo hular. Ta kifar da ita a tafin hannunta, ta ga faɗinta daidai ɗaukar kwaɓi. Ta ce wa Laka ta matso. Laka ta ce dama abin da take jira ke nan, ta gutsuro kanta ta ɗora a kan hular. Sahura ta ja layi da diddige a kewayen tabarmar Inna, ta kira mai shatin yatsa ta aza shi a kusurwa. Sauran bulukan ba su jira kira ba. Suka fasa layin Inji suka yi nata, kowane yana tsalle ya faɗo hannunta, wasu har suna rigima a kan wa zai zauna kusa da taga.

Zauren ya rikice a hankali, irin rikicewar masu ilimi. Farfesa ya ce a rubuta cewa ba a yi gini ba. Wani ƙadangare ya rubuta. Gini ya kai gwiwa, Farfesa ya ce a rubuta cewa abin da ake gani ra'ayin ɗaliba ne. Aka rubuta. Gini ya kai ƙirji, Farfesa ya sauko daga kujera ya yi jawabi cewa bangon da ba shi da lamba babu shi, kuma zai ratsa ta cikinsa yanzu kowa ya shaida. Ya ja da baya kamar yadda bunsuru yake yi, ya taho a guje. Ƙarar karonsa da bangon ta cika zauren. Ya zauna a ƙasa yana laluben tabarau, ya ce wannan karon ba a lissafa shi, ba a auna gudunsa ba.

"Malam, ka ƙara gwaji ɗaya," in ji Sahura, ba ta ko waiwayo ba.

Rigar digiri ta yi fushi ta fita ta taga. Sahura ta ga fitarta, ta ji zafin abin har cikin ƙashinta, amma hannunta bai tsaya ba. Shamuwa ta sauke ɗaya ƙafar, ta tako ta zaga ginin, ta ƙwanƙwasa shi da baki, sannan ta tashi ta sauka a kan bangon ta fara gyara wurin sheƙa. Ba ta ce an ci ba, ba ta ce an faɗi ba. Laka tana ta raguwa a kan hula, muryarta tana ƙanƙancewa, daga tsakanin bulo take cewa a nan ma ta ji daɗi, a nan ma. Daga ciki Inna ta yi gyaran murya, ta ce kada kowa ya shigo tukuna, tana sauya zani.

Sannan ruwa ya ɓalle, mai ƙarfi, daga ƙasa. Ya ɗaga tebur da ƙadangarun da ke kai, ya ɗaga takardu, ya ɗaga Farfesa yana ta cewa a rubuta. Ɗakin Inna kaɗai ya ƙi motsi. Inji ne bai tafi ba, don nauyinsa ya fi ƙarfin ruwan, ga shi kuma da yunwa. Ya tattare babbar rigarsa ya nufo ɗakin, ya ce shi ba ruwansa da gardamar malamai, an gayyato shi cin abinci kuma bai ƙoshi ba. Sahura ta tsaya a bakin ƙofa, ta ware hannuwa ta dafe bango dama da hagu. Ta ce masa in yana son ya san lambar da ake fashewa a kanta, ya fara da ita. Inji ya buɗe baki har ta hango garin bulukanta na shekaru a maƙogwaronsa. Ya ja numfashi, sai tari ya sarƙe shi. Ya yi tari, ya ƙara yi, ya yi ta yi.

Famfon tsakar gida ne yake tari, an kawo ruwa da asuba, matan gidan haya suna ta karo da bokitai. Sahura ta tashi zaune, hannuwanta a ware, kafaɗunta suna ciwo. Ta yi salla, ta leƙa gabas ta ga hadarin yana nan inda ta bar shi, ya ƙara duhu. Ta kira Ilu mai a-kori-kura ta ce ya same ta a bayan ɗakin gwaje-gwaje kafin a buɗe ofisoshi, ya taho da masu lodi.

Sai da motar ta fita ƙofar jami'a, tana zaune a gaba buluka suna ƙara a baya, sannan ta buga wa Farfesa Jatau waya. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali. Ta ce ta bar wa inji 'yan ƙwarori a bakin ƙofa, sun isa kowane gwaji na gaskiya, sauran kuwa suna hanyar ƙauye. Ya tambaye ta ko ta san abin da wannan zai iya jawo wa digirinta, kuma me take so ya gaya wa baƙon da ya taso daga nesa.

"Na sani, Malam. Baƙon kuma a kawo shi gidanmu bayan damina, Inna za ta ba shi fura, ya jingina da bangon ya sha. In ya faɗi da shi, ku kankare sunana."